Sunayen Turawa a Katin Asibiti: Tambayoyi da Amsoshi Kan Cututtukan Ciki

Duk wanda ya taɓa jinyar ciwon ciki a babban asibiti ya san wannan. Likita zai gama dube-dubensa, ya yi rubutu a kati, ka fito baranda ka buɗe sai ka ci karo da sunan wani Bature: Murphy, Crohn, Hartmann. Kai ka zo da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari, an sallame ka da sunan mutumin da ya rasu tun kakanka yana goye. Na sha zama mai karanta wa dangi da maƙwabta irin waɗannan takardu, kuma tambayoyin da ake yi mini kusan ba sa canjawa. Su ne na tara a nan.

Wai me ya sa ake sa wa cuta sunan mutum? Shi ya kawo ta?

A'a. Yawanci sunan likitan da ya rubuta bayaninta ne a wata mujalla, abokan aikinsa suka riƙa cewa "cutar da wane ya faɗa", har ya bi ta. Sauƙi ne ya jawo. Maimakon likita ya ce wa ɗan'uwansa "mai ciwon nan yana ɗauke numfashi idan na danna ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama", sai ya ce Murphy, magana ta ƙare. Kamar yadda unguwa kan ci sunan wanda ya fara kafa bukka a wurin, ko da yanzu babu jikansa ko ɗaya a cikinta.

Yawancin sunayen nan iri uku ne, kuma rikita su ne ke tayar wa mutane hankali. Akwai na cuta, kamar Crohn. Akwai na alama, wato abin da likita ya gani ko ya taɓa, kamar Murphy. Akwai kuma na aikin tiyata, kamar Hartmann. Wanda aka rubuta masa alama bai kamu da wata sabuwar cuta ba, an dai rubuta abin da hannun likita ya ji.

To mai sunan ne ya fara gano abin?

Sau da yawa ba shi ba ne. Cutar Crohn ta ishe mu misali. A 1932 likitoci uku na asibitin Mount Sinai da ke New York suka fitar da rahoton marasa lafiya 14: Burrill Crohn, Leon Ginzburg da Gordon Oppenheimer. An jera sunayen bisa tsarin abacada, sai Crohn ya zo farko. Likitan fiɗan da ya yi wa mutanen aiki, A. A. Berg, bai yarda a sa sunansa ba, da kuwa shi zai kasance a gaba. Kafin su duka, Kennedy Dalziel na Glasgow ya bayyana ciwon a 1913, shi ma Antoni Leśniowski na Folan ya riga shi da kimanin shekara goma. Har yau a Folan sunaye biyu suke haɗawa, nasu a gaba.

Haka 'yar jakar nan ta ƙaramin hanji da ake kira Meckel, wadda ake haihuwar kusan mutum 2 cikin 100 da ita, akasarinsu ba su taɓa sani ba. Johann Friedrich Meckel ya yi bayaninta a 1809, amma wani likitan fiɗa Bajamushe ya ambace ta tun 1598. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

An ce ƙanwata tana da Crohn. Mece ce, kuma tana warkewa?

Kumburi ne na dogon lokaci wanda garkuwar jiki ke haddasawa a bangon hanji. Yana iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura, amma ya fi son ƙarshen ƙaramin hanji. Gudawa mai tafiya tana dawowa, murɗar ciki, rama, ƙarancin jini, wani lokaci ƙurji ko yoyo a gefen dubura. Ba ta warkewa kwata-kwata, sai dai magani ya kwantar da ita, har shekaru ma. Shan taba yana tsananta ta.

Abin da nake so mai tambaya ta riƙe shi ne wannan: a ƙasashenmu tarin fuka na hanji yana kwaikwayon Crohn ƙwarai. Wuri ɗaya suke kamawa, hoton ciki yana nuna su kusan iri ɗaya, ko a madubin ɗakin gwaji sai an natsu. Maganin Crohn kuwa danne garkuwar jiki yake yi, idan aka ba mai tibi, an zuba wa wuta fetur. Don haka ki tambayi likitan kai tsaye: "Likita, an duba ko tibi ne kafin a fara maganin nan?" Likitan kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba.

Me likita ke nema idan yana danna ciki nan da can yana kallon fuskata?

Fuskar ce ma'auninsa. Na tsaya a kan wata gwaggona ranar da aka duba ta. Likitan ya sa yatsunsa a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, ya ce, "Hajiya, ja numfashi sosai." Ta fara ja, sai ta tsaya cak a tsakiya, ta damƙe hannunsa ta ce, "Wash, ɗan nan, kashe ni za ka yi?" Ya gwada hagu, ta ja numfashinta lafiya lau. Abin da ya faru shi ne numfashin ya turo hanta ƙasa, kumburarriyar matsarmama ta sauko ta bugi yatsunsa. Wannan ce alamar Murphy, daga John Benjamin Murphy na Shikago wanda ya rasu a 1916. Hoton ciki daga baya ya nuna tsakuwoyi a matsarmamarta.

Na afendis kuma wurinsa daban. Ka ja layi daga tsinin ƙashin ƙugu na dama zuwa cibiya, ka raba uku. Kashi ɗaya daga ƙashin shi ne gurbin McBurney, wanda Charles McBurney ya bayyana a 1889. Ciwon yakan fara a kewayen cibiya, bayan wasu awoyi ya gangaro nan ya zauna. Idan an danna hagu amma dama ta amsa, wannan Rovsing ne, wani likitan Denmak, 1907.

Akwai biyu da nake da ƙorafi a kansu. Cullen shi ne tabon kwanciyar jini a kewayen cibiya, Grey Turner kuma irinsa a kwiɓi, duka suna nuna jini yana zuba a can ciki. Littattafai suna cewa wurin zai yi shuɗi ko shunayya. A fatar wa? A jikin baƙin mutum, cikin ɗakin da fitilarsa ke lumshewa, abin da za a gani bai wuce wuri ya ɗan ƙara duhu ba. Waɗanda suka rubuta alamun fararen fata suka duba, kuma wannan ya shafi fiye da alamu biyun nan.

Da gaske tsakuwar shinkafa ko ƙwallon gwaiba ke kawo afendis?

Da wuya ƙwarai. Abin da ya fi toshe shi kashi ne da ya daskare ya yi tauri, ko kumburin kaluluwar da ke bangonsa. Wannan daskararren kashi idan an ciro shi kamar tsakuwa yake, ina jin nan zancen ya samo asali. Amma abin dariya, afendis na farko da tarihi ya tabbatar an cire lafiya, abin da aka haɗiya ne ya huda shi. A Disambar 1735, Claudius Amyand ya yi wa wani yaro ɗan shekara 11 aikin gwaiwa a asibitin St George na Landan, sai ya tarar da afendis a cikin jakar gwaiwar, fil ya huda shi. Babu allurar barci a lokacin. Yaron ya rayu, kuma har yau gwaiwar da afendis ya faɗa cikinta Amyand ake ce mata.

Jaririna kwana uku bai yi kashi ba, cikinsa ya kumbura. An ambaci Hirschsprung.

Wannan ba ta jira. Lafiyayyen jariri yana fitar da baƙin kashinsa na farko cikin kwana ɗaya, in ya daɗe biyu. Idan awa 48 ta wuce babu, ga ciki kamar ganga, ga koren amai, a nufi asibitin da ke da likitan fiɗan yara.

Hanji yana tura abin da ke cikinsa ne da taimakon wasu ƙananan jijiyoyi da ke shimfiɗe a bangonsa. A wannan cuta ana haihuwar yaro babu su a ƙarshen babban hanji. Wurin sai ya tsuke, ba ya saki, kashi ya taru a bayansa, hanjin da ke sama ya buɗe ya zama ƙato. Tana samun kusan jariri 1 cikin 5,000, maza sun ninka mata kusan sau huɗu. Harald Hirschsprung, likitan yara a Kwapanhagan, ya gabatar da labarin jarirai biyu a wani taro a Balin a 1886. Amma ya ɗauka ƙaton ɓangaren ne mai ciwo, kuma shekara kusan sittin likitoci suna kallon wurin da ba shi ne da laifi ba. Sai a 1948 Orvar Swenson na Boston ya nuna cewa siririn wurin ne ya kamata a yanke, a jawo lafiyayyen hanji a haɗa da dubura. Tabbatar da ita sai an ɗan tsinko tsoka daga cikin dubura an duba ko jijiyoyin suna nan.

Inda muke yin asara shi ne gida. Kaka ta ce iska ce, a ba shi jiƙo. Wata ta sa sabulu a duburarsa, kashi ya fito da ƙarfi, kowa ya ce alhamdulillahi, bayan kwana huɗu a koma gidan jiya. Wani a kai shi wurin wanzami a yi wa cikin tsaga. Haka yaro zai kai shekara uku ko biyar da tulun ciki da siraran ƙafafu, in ma zazzaɓi da gudawa mai wari ba su ɗauke shi ba a hanya, don wannan kumburin hanji shi ne ke kashe su.

Tunda ana maganar jarirai, ga wasu biyu a gurguje. Jaririn da ya kai mako biyu zuwa takwas yana feso nono da ƙarfi bayan kowane sha, kuma nan take ya nemi ƙari, mai yiwuwa tsokar ƙofar tumbinsa ce ta yi kauri. Aikin Ramstedt ɗan tsaga tsokar ne kawai, kuma yara suna warwarewa sarai. Shi kuwa jaririn da shawara ta wuce mako biyu a jikinsa, kashinsa fari-fari, fitsarinsa ja, a duba ko hanyar matsarmamarsa ta toshe. Aikin da Morio Kasai na Japan ya fito da shi a 1959 ya fi yin nasara idan an yi kafin yaro ya cika kwana 60. Shanya shi a hantsi ba ya buɗe toshewar.

Widal ma sunan mutum ne? Kullum aka yi mini sai a ce ina da taifot.

Sunan mutum ne, Georges-Fernand Widal, Bafaranshe, kuma gwajin na 1896 ne. Ka lissafa shekarunsa. Ba ƙwayar cutar yake gani ba, sawun da garkuwar jiki ta bari yake gani. Wanda ya taɓa yin taifot a baya, ko aka yi masa rigakafi, ko ya girma inda ruwan sha ke gauraye da ƙwayar, kai har mai zazzaɓin cizon sauro, duk gwajin na iya cewa suna da ita. Shi ya sa rabin unguwa ke yawo da "taifot da maleriya" suna shan maganin kashe ƙwayoyin cuta wata bayan wata. Gwajin da ya fi inganci shi ne a shuka jinin a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar za ta tsiro.

Kada wannan ya sa a raina taifot ta gaske. A bangon ƙarshen ƙaramin hanji akwai wasu tarin kaluluwa da ake kira Peyer, daga wani likitan Suwizalan da ya zana su a 1677. Nan ƙwayar ke sauka. Su kumbura, su zama gyambo, a mako na biyu ko na uku gyambon ya huda hanji. Yaron da ya yi kwana goma sha yana zazzaɓi, sai rana ɗaya ciki ya ɗaure kamar katako, ba ya son ko zane ya taɓa shi, wannan fiɗa yake bukata a daren. A Turai likita na iya yin ritaya bai ga irinsa ba. A asibitocin Najeriya da Nijar yana cikin manyan dalilan buɗe cikin yara da gaggawa. Ita kanta ƙwayar, Salmonella, sunan wani likitan dabbobi Ba'amurke ce, Daniel Salmon, ko da yake mataimakinsa Theobald Smith ne ya yi aikin gano 'yar'uwarta a jikin aladu, inda sunan ya samo asali.

Ina fama da ƙwarnafi shekara da shekaru. Na karanta wai Barrett yana zama kansa.

Idan ruwan tsamin tumbi ya daɗe yana hawowa, fatar ƙasan maƙogwaron abinci kan sauya ta koma irin ta hanji. Wannan sauyin ne Barrett, kuma sai da na'urar leƙa ciki ake ganinsa. Haɗarin ya rikiɗe ya zama kansa bai kai mutum 1 cikin 100 a shekara ba, kuma ya fi yawa ga fararen fata maza masu ƙiba da suka haura hamsin. Norman Barrett ɗin ma kuskure ya yi a rubutunsa na 1950: cewa ya yi tumbi ne ya hau ƙirji. Wasu likitoci biyu suka gyara masa a 1953, ya amince a 1957, suna kuma ya zauna a kansa.

Abin da ya kamata ya kai ka asibiti ba sunan ba ne. Abinci ya fara tsaya maka a ƙirji, ko kana ramewa ba dalili, ko kashinka ya koma baƙi kamar kwalta.

Na yi ta amai, can sai na ga jini. Hanjina ne ya tsinke?

Idan aman farko babu jini sai bayan an yi ta kakari, galibi 'yar tsagewa ce a mahaɗar maƙogwaron abinci da tumbi. Mallory da Weiss suka bayyana ta a Boston a 1929 a jikin mashaya giya, amma mai laulayin ciki ma tana samu. Yawanci tana tsayawa da kanta. Babbar yayarta ita ce Boerhaave, inda bangon ke fashewa gaba ɗaya. A 1723 wani babban hafsan jiragen ruwan Holan, Jan van Wassenaer, ya ci ya yi nak, ya sha maganin sa amai, ya kurma ihu cewa wani abu ya yage a ƙirjinsa. Bai kai kwana ɗaya ba. Likitansa Herman Boerhaave ya buɗe gawar ya tarar da abincin a cikin kogon ƙirji.

A wajenmu dai aman jini mai yawa, wanda ya zo ba kakari, a fara tunanin hanta. Ciwon hanta nau'in B yana taurara ta, jini ya rasa hanya, jijiyoyin maƙogwaro su kumbura su fashe. Haka tsutsar da ake ɗauka a ruwan fadama da madatsai, 'yar'uwar mai kawo tsargiya, wadda ƙwayayenta ke maƙalewa a hanta. Tabon da take bari Symmers ake kiransa, daga likitan da ya gan shi a Alkahira a 1904. Kowane iri ne, aman jini na asibiti ne, ba na kemis ba.

Whipple cuta ce ko tiyata? Na ga duka biyun.

Mutum biyu ne. George Whipple ya bayyana wata cutar hanji da ba a cika gani ba a 1907, wadda daga baya aka gane ƙwayar bakteriya ce ke kawo ta. Allen Whipple kuma likitan fiɗa ne, aikinsa na 1935 yana cikin mafi girma da ake yi a ciki: a cire kan fankiriyas, wato tsokar nan da ke kwance bayan tumbi tana samar da insulin, a haɗa da farkon ƙaramin hanji da matsarmama, sannan a sake ɗinke hanyoyin. Jamusawa kan ƙara sunan Walther Kausch, don ya riga shi yi a 1909. Alamar da kan kai mutum ga wannan aiki ita ce shawara marar ciwo ga dattijo, da ƙaiƙayi, da matsarmamar da ta cika har hannu na taɓa ta. Courvoisier ya lura tun 1890 cewa irin wannan ba kasafai tsakuwa ke kawo shi ba.

Mahaifina an yanke masa tumbi saboda olsa a da. Me ya sa yanzu ba a yi?

Aikin da aka yi wa Baba mai yiwuwa Billroth ne. Ranar 29 ga Janairun 1881, a Biyana, Theodor Billroth ya yanke ɓangaren tumbin wata mata mai shekara 43 da ke da kansa, ya haɗa sauran da hanji. Ta tashi ta ci abinci, ta rasu bayan wata huɗu saboda ciwon ya riga ya bazu. Kusan shekara ɗari ana amfani da dabararsa a kan gyambon ciki.

Sai magungunan rage tsami suka zo, sannan a farkon shekarun 1980 wasu likitoci biyu a Perth ta Ostiraliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka ce ƙwayar cuta ce ke haddasa yawancin olsa. Aka yi musu dariya. A 1984 Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ya shuka ƙwayar a ciki, ya kwanta ciwo, ya nuna hujjarsa da tumbinsa. Sun karɓi kyautar Nobel a 2005, yau kuma maganin kamar mako biyu ke kashe ta. Duk da haka ƙwayar ba ta ci sunan ko ɗayansu ba, Helicobacter pylori ake ce mata. Fiɗa ta rage ga gyambon da ya huje, inda ake toshe ramin da kitsen ciki, dabarar Roscoe Graham ta 1937. Masu shan maganin ciwon jiki barkatai a kan yunwa su ne ke cika wannan layi.

An yi wa yayana Hartmann, yanzu kashi ta gefen ciki yake fita. Haka zai dawwama? Sallarsa fa?

Henri Hartmann ya tsara aikin a Faris a 1921 don kansar babban hanji. A nan an fi yin sa idan hanji ya murɗe ya mutu, matsalar da ta yi yawa a Afirka fiye da Turai. Ana yanke ruɓaɓɓen, a rufe na ƙasa, a fito da na sama ta bangon ciki, domin ɗinki a cikin ƙazanta da kumburi ba ya kamawa. Ga mutane da yawa na wucin gadi ne: bayan wata uku zuwa shida, idan jiki ya murmure, a koma a haɗa. Wasu kuwa saboda tsufa ko yanayin ciwon ba a mayarwa.

Abin da na ga ya fi cin masu wannan jaka ba ciwo ba ne, kunya ce. Mutum ya daina zuwa masallaci, ya daina zama a majalisa. Malamai da dama sun sa shi a hukuncin mai lalura, kamar mai yoyon fitsari. Ya je ya zauna da malaminsa ya ji yadda zai yi da alwala. Ku kuma 'yan'uwa ku taya shi neman jakunkunan, don tsadarsu ce ke sa wasu ɗaura leda, fatar wurin ta saɓule.

Duk maza ne? Babu mace ko ɗaya?

Akwai, kuma ba likita ba ce. Julia Dempsey, wadda aka fi sani da Sister Mary Joseph, 'yar zuhudun Katolika ce da ta shugabanci asibitin St Mary's a Rochester ta jihar Minnesota, kuma ita ce mataimakiyar William Mayo a ɗakin fiɗa. Ita ke wanke cikin marar lafiya kafin a yanka. A nan ta lura cewa duk wanda ta ji wani ƙullutu mai tauri a cibiyarsa, idan an buɗe sai a tarar kansa ta riga ta bazu. Alamar tana da abokiyar tafiya, kaluluwar Virchow, wadda ke fitowa a ramin wuya na hagu, saman ƙashin da ya ratsa zuwa kafaɗa. Mayo ya rubuta abin da Sister Mary Joseph ta gani a 1928, bai sa sunanta a kai ba. Wani likitan fiɗa na Ingila, Hamilton Bailey, shi ya laƙaba wa ƙullutun sunanta a 1949, shekara goma bayan an binne ta.